Asalin Gidaje Da Gonaki A Gyaɗi-Gyaɗi Da Tarauni: Ina Za A Nemi Shaida?

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ya kama hanyar Zariya, da ya wuce shataletalen Dangi ba abin da zai gani dama da hagun sai benaye da kantuna da gidajen mai. Ga kotuna a Gyaɗi-Gyaɗi, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga rukunin gidajen Kundila. Yaron da aka haifa jiya zai zaci haka Allah ya halicci wurin. Amma akwai dattawa da ransu waɗanda suka ga gero da dawa da gyaɗa a inda motoci su ke gudu yau, suka ga jakai na fitowa daga birni da mangalar taki ana kaiwa gonaki. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku da Hotoro duk ƙauyuka ne a da, kowanne da manomansa da rijiyoyinsa da makabartarsa.

Yanzu waɗannan wurare suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda aka kafa cikin shekarun 1990, hedkwatarta kuwa tana Unguwa Uku. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba, amma ƙidayar 2006 ta sami mutum 221,367 a cikinta. To, inda mutane suka yi yawa haka a kan ƙasa kaɗan, taku guda ma kuɗi ne. Shi ya sa ba a rasa ƙarar gado ko ta iyaka a gaban alƙali. Wannan ya ce gonar kakansa ce aka yanka, wancan ya fito da takardar ciniki, wata tsohuwa kuma ta ce ba a taɓa ba uwarta rabonta ba. Abin da mu ke so mu duba tare da masu karatu shi ne, in mutum ya tashi neman asalin gidansu da gonarsu a wannan yanki, wace takarda ce za ta taimake shi, wace ce kuma ba za ta yi masa rana ba.

Ƙidaya Ba Ta Faɗin Suna

A Ingila da Amurka, mai neman kakanninsa takardun ƙidaya ya ke fara buɗewa. Gwamnatocinsu su kan adana takardar kowane gida da sunayen mutanen cikinsa, da shekarunsu, da sana'arsu, sa'an nan bayan wani lokaci a buɗe wa kowa ya duba. Ingila shekara 100 ta ke jira, shi ya sa aka buɗe na 1921 a cikin 2022. Amurka kuwa shekara 72, an buɗe na 1950 shi ma a 2022.

Mu a nan ba haka abin ya ke ba. Ƙidayar da Turawa suka yi a Arewa a 1911 da 1921 da 1931 yawancinta daga lissafin haraji aka tsamo ta, ba bi aka yi gida gida ko'ina ba. A 1941 ba a yi ba saboda yaƙi. Ta 1952 ce aka fara yi da ɗan tsari. Ta 1962 aka soke saboda gardama, aka sake a 1963. Ta 1973 ita ma aka soke. Sai ta 1991, sai ta 2006 wadda ta ba Jihar Kano mutum 9,401,288. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Dukansu abin da aka buga wa jama'a jimla ce: maza kaza, mata kaza, a gunduma kaza. Ba a buga sunan kowa ba. Saboda haka ƙidaya za ta gaya maka yadda ƙauye ya cika ya batse har birni ya haɗiye shi, amma ba za ta gaya maka wanda ya haifi kakanka ba.

Littafin Haraji

Inda sunaye su ke shi ne wajen haraji, domin hukuma ba ta mance wanda ta ke bi kuɗi. Tun kafin Turawa ana biyan kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin rafi da kuɗin karofi, ban da zakka da jangali. Bature matafiyi Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa kuɗin ƙasa wuri 2,500 ne a kan kowane magidanci. Amma a lokacin nan lissafin yana kan jakadu da masu gari, a ka a ke riƙe shi.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, aka naɗa Sarki Abbas, sai aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka ce hakimai su bar birni su koma ƙasashensu da zama. Razdan Cargill ne ya matsa a kan wannan, har Kanawa suka sa masa suna Mai Gunduma. Gundumomin da suka kewaye birni su ne Ungogo ta arewa da Kumbotso ta kudu. Wannan abin lura ne ga mai bincike, domin in ya tafi neman tsofaffin takardu da sunan Ƙaramar Hukumar Tarauni zai dawo hannu rabbana. Sunan tsohuwar gunduma da na dagaci a ke bi.

A zamanin Sarki Abbas ɗin nan ne aka shigo da harajin taki. Ba takin gona mu ke nufi ba, takin ƙafa. A kan aiki malamai, waɗanda a ke kira malaman taki, su bi gona gona suna takawa tsawo da faɗi, su rubuta sunan mai gona da girmanta, a yanka masa haraji gwargwadon haka. Daga baya En'e ta Kano ta kafa ofishin safiyo, aka horar da 'yan ƙasa awo da sarƙa da zanen taswira, aka zana gonakin gundumomin kusa da birni, kowace gona da lambarta, kowace lamba da sunan mai ita a cikin littafi. Wanda Allah ya ba sa'a ya sami irin wannan taswira da littafinta, ya sami abu mai daraja, domin zai ga sunan kakansa, ya ga maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa.

Amma fa a yi hattara. Littafin haraji sunan mai biya ya ke ɗauka, ba lalle ne shi ne mai gonar ba. Gandu guda mai ɗauke da uba da 'ya'yansa ma'aurata da ƙannensa, sau da yawa sunan maigida kaɗai za a gani. Gonar da aka ba mutum aro, ko aka jinginar masa, ko aka ba shi riƙo domin marayu, tana iya fitowa da sunansa alhali ba tasa ba ce. Mata ba sa biyan haraji, saboda haka da wuya a ga sunansu. Har wa yau, tun a wancan zamani an sha kukan cewa waɗansu malaman taki su kan rage wa wanda ya ba su goro, su ƙara wa wanda ya hana. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincike a Ungogo ya buga littafinsa a 2005, ya nuna cewa abin da ke cikin takardun hukuma da abin da manoma su ke yi a gona sun sha bamban ƙwarai. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Talakawa sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, amma tsohon rasit na haraji da ke cikin akwatin kaka bai kamata a jefar da shi ba, domin yana nuna wane ya zauna a ƙauye kaza shekara kaza.

Littafin Alƙali

Takardun shari'a sun fi na haraji faɗin dangantaka. In aka kai rabon gado gaban alƙali, dole muhuti ya rubuta sunan mamaci, da matansa, da 'ya'yansa maza da mata, da abin da ya bari, da ushirar da aka cire. Shafi guda na irin wannan ya kan ba da sunayen gida sukutum. Shari'ar ƙasa kuwa a da ta Majalisar Sarki ce. An adana littattafan Majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 cikin Larabci, wani masani mai suna Allan Christelow ya fassara zaɓaɓɓu daga ciki zuwa Turanci a 1994. Mai karanta su zai ga rigimar gona ba yau ta fara ba: wanda ya yi ƙaura ya dawo ya tarar an ba wani gonarsa, da wanda dagaci ya ƙwace wa, da magada masu jayayya.

Akwai wani abu da ya wajaba kowane mai bincike ya sani, musamman wanda ya ke bin gado ta wajen uwa ko kaka mace. A 1923, zamanin Sarki Usman, aka hana mata gadon gida da gona a ƙasar Kano. Wannan hani ya zauna har 1954, sa'ad da Sarki Muhammadu Sanusi ya ɗauke shi, aka koma ga hukuncin shari'a, watau namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya, matar mamaci tumuni in akwai ɗa, rubu'i in babu. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Duk gonar da aka raba a tsakanin waɗannan shekaru, in ba a ga sunan mace cikin magada ba, kada a ɗauka mamacin bai haifi mace ba. Gidaje da yawa da su ke ganin ba su da alaƙa da wata gona, ta nan zaren ya tsinke. Mu kuwa a ganinmu, ko da ba za a sake rabo ba, haƙƙin waɗannan iyaye mata ne a rubuta sunayensu cikin salsalar gida.

Sa'an nan akwai maganar da a ke yi ƙasa ƙasa. Kewayen Kano cike ya ke da gandayen sarki da na hakimai da na attajirai, irin su na Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau, sunan Gandun Albasa ma da ke maƙwabtaka da Gyaɗi-Gyaɗi ya isa shaida. Bayi ne su ke noma yawancinsu. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga ran 1 ga Afril 1901 ɗa ne, sa'an nan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Takardun fansa da na 'yantawa suna cikin littattafan alƙalai. Mai bincike yana iya cin karo da abin da bai zata ba game da gidansu ko gidan maƙwabci. Wanda ya ga irin wannan ya riƙe bakinsa. Ilmi aka tura shi nema, ba abin gori ba, kuma dukanmu 'ya'yan Adamu ne.

Yadda Gona Ta Zama Fuloti

Dokar ƙasa ta sauya sau uku, kowace kuwa ta bar irin takardarta. A 1908 aka zaunar da kwamiti a London kan maganar ƙasar Arewa, zamanin Gwamna Girouard. Daga nan aka yi dokar 1910, wadda ta ce ƙasa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. A 1978 kuma Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta yi dokar da ta game Nijeriya duka, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. A ƙarƙashinta, takardar shaidar mallaka izinin zama ce, yawanci na shekara 99. Ta kuma ce wanda ya ke da filin da ba a gina ba a cikin birni, rabin hekta kaɗai zai riƙe, watau eka ɗaya da 'yan kai. In hukuma ta karɓi gona, diyyar amfanin gona da itatuwa da gini a ke biya.

Duk da waɗannan dokoki, manoman kewayen birni ba su fasa saye da sayarwa da jingina ba, a gaban mai unguwa da shaidu. Ƙasar ta yi musu kaɗan tun da daɗewa. Mortimore da Wilson, waɗanda suka buga bincikensu a 1965, sun tarar kusan ba a barin saura a kusa da Kano, kowace shekara a ke noma gona da taimakon taki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a 1971 da 1972, ta ga manyan gidaje cike da magidanta, gonakinsu kuwa rabon gado ya mai da su ƙanana.

Da aka yi tsarin faɗaɗa Kano na shekara ishirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda Trevallion ya shirya, sa'an nan aka kafa Jihar Kano a 1967 Audu Bako ya zama gwamna, sai birni ya miƙe kudu da gabas. Ta hanya biyu gona ta zama fuloti. Ta farko, hukuma ta karɓa, ta biya diyya, ta yanka, ta raba. Wannan ta kan bar jerin sunayen waɗanda aka biya, da taswira, da fayil a ma'aikatar ƙasa. Jerin diyyar nan sau da yawa shi ne takarda ta ƙarshe da ta ambaci manomin asali. Ta biyu ita ce wadda Kanawa su ke kira awon igiya: mai gona ko magadansa su kira dillali, a ja igiya, a yanka, a sayar da 'yar takarda mai sa hannun mai unguwa. A nan ne rigima ta fi yawa, domin kukar da aka yi iyaka da ita an sare, shingen lalle da na bini-da-zugu sun zama katangar bulo, shaidu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Ta Ina Za A Fara

Shawararmu ita ce a fara daga gida. A zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa, wa ya haifi wa. A tambayi sunan yanka da laƙabi duka biyu. Mutum guda a littafin haraji Garba ne, a na alƙali Abubakar, a gida kuwa Tanko, matan gida ma ba sa faɗin sunansa saboda alkunya. Tun da ya ke ba mu da sunan dangi mai bin zuriya kamar Turawa, Audu ɗan Mamman zai yi goma a ƙauye guda, sai an haɗa da sana'a ko unguwa ko sunan kaka kafin a rarrabe.

Tsoho ba ya faɗin shekara da lamba, da abin da ya faru ya ke lissafi. Mai tambaya ya riƙe waɗannan: Basasar Kano ta fara 1893, zuwan Turawa 1903, isowar jirgin ƙasa 1911, yunwar Kakalaba 1914, Marisuwa 1918, sarautar Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniya 1956, naɗin Ado Bayero 1963. Takardar da ba ta da kwanan wata ma tana faɗin shekarunta. In da fam da sule aka yi cinikin, kafin 1973 ne, domin a farkon wannan shekara naira ta fito. In da shekarar Hijira aka rubuta, a tuna 1400 ta kama ne a ƙarshen 1979, a yi lissafi daga nan.

Bayan gida sai wajen mai unguwa da dagaci da hakimi, sai kotun da aka yi rabon gado, sai ma'aikatar ƙasa da ofishin KANGIS mai adana taswirar filaye a kwamfuta. Tsofaffin takardun En'e da na Lardi kuwa, a nufi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano su ke, da Gidan Arewa duk a Kaduna. Wanda ba ya karanta Larabci da ajami ya tafi da malami. A ƙarshe a je wurin da kansa tare da dattijo, a nemi tsohuwar rijiya, da masallaci, da makabarta, da kududdufi, da inda burtali ya bi, domin waɗannan sun fi shinge daɗewa. Abin da takarda da bakin dattijo da ƙasa suka haɗu a kai, shi ne abin dogara. Wanda ɗaya kaɗai ya faɗa, a rubuta shi, amma kada a rantse a kansa.

Kada kuma wani ya ɗauka da ya sami sunan kakansa a littafin taki sai ya tafi ya tashi mutane daga gidajensu. Shari'a tana da hukuncin hauzi: wanda ya ga baƙo yana riƙe da ƙasarsa, yana gini yana rushewa, har shekara goma, yana nan bai yi magana ba kuma ba abin da ya hana shi, da'awarsa ta faɗi. Tsakanin dangi wa'adin ya kan kai shekara arba'in. In aro ne ko jingina ko haya, wannan dabam. Hukuncin na alƙali ne, ba na mai bincike ba. Amfanin binciken da ya fi girma shi ne a san dangi a sada zumunci, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa cikin lumana, a kuma toshe ƙofar rigimar gobe.

Aikin Makaranta Da Na Hukuma

Mu da mu ke aikin horar da malamai muna ganin makaranta tana da rabo a nan. Yaro ya kan haddace sarakunan Kano tun daga Bagauda, amma a tambaye shi sunan kakan ubansa ya yi shiru. Ba wuya malami ya sa kowane ɗalibi ya je ya rubuto kakanninsa huɗu, da garin da suka fito, da sana'arsu, da inda gonarsu ta ke. Wannan darasi guda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da lissafi da rubutu, kuma ba ya cin ko kwabo. In makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Darmanawa suka yi haka shekara uku a jere, suka adana littattafan, za a sami kundin da ƙidaya ba ta taɓa tarawa ba.

Muna kuma roƙon hukuma da masarauta su sa a ɗauki hoton tsofaffin littattafan haraji da na alƙalai da taswirorin safiyo, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin gara da ruwa da gobara ba sa jiran kowa. Magidanta su ma kowa ya buɗe akwatinsa, ya ɗauki hoton takardunsa da waya, ya ba 'yan'uwansa. Wanda ya yi ciniki ko kyauta ko aro, ya rubuta da shaidu da iyakoki huɗu, kamar yadda addini ya hore mu a kan bashi. Wanda ya ke da tsoho a gida ya je gare shi cikin makon nan da takarda da alƙalami, kada ya bari sai an yi sadakar uku ya fara tambaya. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.